Tsakanin Zan Duba da Za Mu Duba

Duk wanda ya taɓa kai wa Sharhabilu bakanike inji a Batsari ya san kalmomi biyu ne jarinsa: "Zan duba." Ba ya ƙari, ba ya ragi. Ka zo da babur ko janareta ko injin ban-ruwa, ka yi ta zuba bayani kamar kana gaban alƙali, shi kuwa sai ya karkata kai gefe guda ya ce a tayar. Inji ya yi tari ya yi gyaran murya, ya ɗaga hannu a kashe, ya ce, "Zan duba." Shi ke nan, tafi gida ka yi barcinka. Mutumin nan in ya ce zai duba, wallahi sai ya duba, har abin da ba ka so a gani.

Akwai wata dattijuwa a Tsaskiya, Saude, wadda mijinta ya rasu ya bar mata injin niƙa da bakunan ciyarwa. Duk sa'ad da injin ya yi gardama, sai ta sa a ɗaure shi a bayan babur, ita ta hau wani, ta wuce kanikawan Safana kaf kamar ba ta gan su ba, har ƙofar shagon Sharhabilu. Tana sauka za ta ce, "Ɗan nan, abokin faɗan nawa ya sake." Shi kuma ya ce, "Zan duba, Inna." In mata suka tambaye ta abin da ke kai ta wannan uwar tafiya, sai ta ce zan duba ɗin Sharhabilu ya fi mata rantsuwar wani da Alƙur'ani a hannu.

Abu guda ne a duniya Sharhabilu yake yi wa doguwar magana, ita ce Kaka. Kaka fa ba mutum ba ce, tarakta ce, ja a zamanin ƙuruciyarta, yanzu kuwa launin tsatsa da ƙasa. Mallakar Ƙungiyar Garma da Sanda ce, wadda ta haɗa manoma da makiyaya na Batsari da Safana, kuma ta girmi rabin 'yan ƙungiyar, shi ya sa sunan. Tun yana saurayi yake jinyarta. Wasu kayan cikinta ma ba na tarakta ba ne, na wata tsohuwar tifa ne, shi ya goge su ya lallaɓa su har suka zauna. Kullum da safe kafin ya buɗe shago sai ya biya rumfarta a bayan ofishin ƙungiya, ya dafa ta ya ce, "Kin tashi lafiya, tsohuwa? Ya sanyin jiya? Ya gwiwar nan?" Limamin unguwarsu ma bai taɓa samun gaisuwa mai tsawon wannan daga bakinsa ba. Son Kaka yake, so na gaske, kuma ba ya jin kunyar a sani.

Shugaban ƙungiyar tun kafuwarta shi ne Alhaji Jinjiri. Kada sunan ya ruɗe ku, tsoho ne tukuf. Shi ma da kalmomi kaɗan ya riƙe jama'a. Manomi ya zo da kuka, makiyayi ya zo da ƙorafi, Alhaji Jinjiri ya sa a kawo fura, ya tambayi lafiyar gida ɗaya bayan ɗaya, ya saurara yana girgiza kai, sannan ya ce, "To, za mu duba." Ba a taɓa ganin ya duba komai ba, amma kowa sai ya tashi da fara'a. Da gwiwoyinsa suka ƙi, ya ce shi kam ya gaji, a nemi wani.

Nan fa ake yinta. Mutum biyu suka miƙe. Ga Alhaji Kamalu, babban manomi kuma dillalin hatsi a Batsari, ga Arɗo Jafaru na Babban Duhu a ɓangaren Safana, mai garken da ba a ƙirgawa a gabansa. Kowanne ya rantse gara ƙungiyar ta watse da ya zauna ƙarƙashin ɗan'uwansa. Alhaji Kamalu har ya faɗi aikinsa na farko in ya hau: zai kira 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su yanyanka Kaka su auna ta a kilo. Arɗo bai damu da tarakta ba, shi da yake da shanun huɗa, amma tunda Kamalu ne ya faɗa, sai ya ce a kan gawarsa.

Sakataren ƙungiyar, Malam Almustapha, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya je wani taron bita a Katsina a daidai wannan lokacin. Ya sha sanyin na'ura, ya ci shinkafa da kaza, ya dawo da ilimi yana zuba kamar tulu ya cika. Ya miƙe a taro ya ce, "Jama'a, zamani ya canza. Yanzu shugabanci na ƙwararru ne, waɗanda suka san aiki da hannunsu. Kuma masana sun ce a nemi mai hali uku: mai haƙuri, mai sauraro, mara yawan magana."

Wani daga baya ya ce cikin raha, "To ai Sharhabilu kake nufi!"

Aka yi dariya. Malam Almustapha bai yi ba. Idonsa ya yi haske, ya buga tebur ya ce, "Wallahi shi ne!"

Haba jama'a! Gaskiya ne Sharhabilu yana da haƙuri, amma da notin da ya yi tsatsa yake yinsa. Yana da sauraro, amma inji yake saurara. Rashin maganarsa kuwa, ba abin da zai ce wa mutane ne kawai ba ya da shi. Ba wanda ya tsaya ya tambayi wannan. Alhaji Kamalu ya yarda don yana ganin mai shiru akala ce a hannunsa, Arɗo ya yarda don dai ba Kamalu ba ne.

Malam Almustapha ya sami Sharhabilu kwance ƙarƙashin wata bas, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Ya durƙusa ya yi wa ƙafafun bayani.

Murya ta fito daga ƙasa, "Ni, Malam? Ni da ko gaisuwar ta'aziyya sai na yi tuntuɓe?"

"Ai shi ake nema, mara surutu."

"A ba wani."

Malam Almustapha ya gyara murya. "In ba kai ba, Alhaji Kamalu ne. Ka kuma ji abin da ya ce zai yi da Kaka. Kilo-kilo."

Ƙarar sifana ta tsaya. Sharhabilu ya turo kansa waje, fuska duk baƙin mai, ya daɗe yana kallon sakatare. Tsoro ne ya kama shi, ba na kujera ba, na ranar da zai zo rumfar nan da safe ya tarar ba kowa. Ya ce, "To."

Aka ɗinka masa babbar riga, aka sha ta da sitaci har tana tsayuwa da kanta. Sai bayan an yi addu'a an shafa ne aka gaya masa sharaɗin: shugaba ba ya kwanciya ƙarƙashin tarakta, mutuncin ƙungiya ne a jikinsa. Kula da Kaka kuwa an ba wani bakanike na Safana, Yasir, don ɓangarensu ma ya san an dama da shi. Yasir mutumin kirki ne, sai dai duk matsalar duniya guduma yake fara nuna mata. Sharhabilu yana zaune a ofis yana jin ƙwal, ƙwal daga bayan bango, kowane bugu kamar a haƙorinsa. Shagonsa kuma ya koma rabin rufe, don shugaba ba ya rasa suna ko jana'iza ko sulhu.

Arɗo Jafaru ne ya fara zuwa da ƙorafi. Ya zauna ya jero gaisuwa, gida da iyali da gajiya da zafi da dabbobi, Sharhabilu yana cewa lafiya, lafiya, kunnensa na waje. Arɗo na tsakiyar tambayar lafiyar mahaifiyarsa ya katse shi.

"Arɗo, babur ɗin da ya kawo ka yana son a canza masa mai."

Arɗo ya haɗiye wannan. Ya shiga maganar da ta kawo shi: kwamin shayar da shanu na famfon sola da ƙungiya ta yi a Babban Duhu ba ya cika, kuma shi ya san manoma ne ke janye ruwan zuwa lambunansu.

Sharhabilu ya ce, "Zan duba."

Arɗo ya koma gida ransa fes. Abin da ya zo nema ya samu: ya faɗa, an ji, mutanensa sun san ya faɗa. Shekara nawa yana kawo wannan kukan. Sai ga shi washegari makiyaya sun hango wani mutum ya naɗe babbar riga ya ɗaure a ƙugu, yana tonon ƙasa a bayan kwami.

Ranar kasuwar Batsari, Arɗo na zaune a rumfar dillalan shanu, surukinsa na gefensa, Sharhabilu ya iso ko sallama bai ƙarasa ba.

"Arɗo, na duba. Ba manoma ba ne. Shanunka ne suka taka bututun ya fashe a ƙasa. Ga sawun bijimin nan naka mai karyayyen ƙaho har yanzu a wurin. Na gyara."

Rumfa ta yi tsit. Bafulatani a gaban surukinsa! Arɗo ya jawo malfarsa ta rufe masa ido, ya ce da harshensu, "Mi yetti," wato na gode. Duk wanda ke wurin ya san wannan godiyar ba ta alheri ba ce, ban da wanda aka yi wa. Sharhabilu ya tafi yana jin daɗin ya gama aiki.

Da labari ya kai wa Alhaji Kamalu, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce ga shugaba, ga namiji. Daɗi ya ɗebe shi ya kawo nasa kukan: duk shekara shanu suna cinye masa gefen gonarsa ta gabas. Sharhabilu ya ce zai duba, ya kuwa duba. Ranar Juma'a, ana fitowa masallaci ana neman takalma, ya tare shi.

"Alhaji, na duba. Shanu kan hanyarsu suke. Kunyarka ce ta shiga burtali."

Kunyar gona yake nufi, wadda garma ke tayarwa, bawan Allah. Amma wani tsoho mai nauyin ji ya ce da ƙarfi, "Wace kunyar? Ashe can ta tafi, shi ya sa muka daina ganinta!" Dariya ta ɓarke a ƙofar masallaci. Alhaji Kamalu ya saka takalmin wani ya tafi bai sani ba.

In da a nan abin ya tsaya, da sai mu ce manya ne suka ji a jikinsu, Allah ya ƙara. Amma sai ga Malam Badaru. Dattijo ne mai mutunci, mai gona ɗaya a bakin gari, ba ya roƙo, ba ya shiga sabgar kowa. Ya zo ofis ana cike, ya zauna can gefe, sai da aka tambaye shi ya ce a hankali garmarsa ta shanu ce ta lalace, ga damina ta matso, bai san yadda zai yi da huɗa ba bana.

"Zan duba," in ji Sharhabilu.

Ya je gidan, ya juya garma sama da ƙasa, ya ƙwanƙwasa. Ya dawo ofis, mutane na nan, Malam Badaru ma na nan.

"Baba, garmarka lafiyarta lau. Shanun ne babu. Turken ma ya bushe, an daɗe da sayar da su."

Malam Badaru ya lalubi sandarsa, ya miƙe ya fita. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Da yamma Alhaji Jinjiri ya aika a kira Sharhabilu. Tsohon na kan tabarma a zaure, ya miƙe ƙafafu. Bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Zauna, ɗana. Ka san shekara nawa Badaru yana kawo mini kukan garmar nan?"

"Garmar ba abin da ya same ta, Baba."

"Na sani. Kowa ya sani. Jinyar matarsa ce ta ci shanun. Shi ya ce garma, ni na ce za mu duba, sai in ce wa direban Kaka ya ɓata hanya ta gonarsa. A huɗe masa, ba wanda ya roƙa, ba wanda ya bayar. Yau ka tuɓe shi a gaban 'ya'yan cikinsa."

Sharhabilu ya sunkuyar da kai. Abin ya soke shi ƙwarai, amma taurin kai irin na masu sana'a bai bar shi ba. "To Baba, in ba za a duba ba, don me za a ce za a duba?"

Tsohon ya yi murmushi. "Kai zan kake cewa. Shugaba za mu yake cewa. Zan ɗin nan mutum ɗaya ne, ana iya kama shi. Mu kuwa rijiya ce, abin da ya faɗa ciki ya huta, mai shi ma ya huta. Babba juji ne, ɗana, kowa ya kwaso shararsa ya zuba. Ka taɓa ganin juji yana bin mutane yana gaya masu abin da suka zubar?"

Daga nan Sharhabilu ya wuce gidan Malam Badaru don ya ba shi haƙuri. Aka leƙo aka ce ba ya nan. Ga takalmansa a ƙofar zaure, ga sandarsa jingine. Bakin Sharhabilu har ya buɗe zai ce ai ga takalmansa, sai ya rufe. Ya ce a gaishe shi in ya dawo, ya juya.

Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Abin da aka yi shekaru ana addu'a a kansa ya faru: an ga Alhaji Kamalu da Arɗo Jafaru a kan benci ɗaya suna cin tsire a takarda ɗaya. Malam Almustapha ya riƙa nuna wa mutane yana cewa, "Kun ga amfanin ƙwararre? Ya haɗa kan Batsari da Safana!" Bai yi ƙarya ba. A kan shugaban aka haɗa kan.

Ranar babban taro, ofis ya cika har taga. Alhaji Kamalu ya miƙe, ya gyara riga, ya yi magana da murya mai zaƙi.

"Ranka shi daɗe, Allah ya ba mu shugaba mai dubawa. Ya duba kwamin Arɗo, ya duba gonata, ya duba turken bayin Allah. To saura abu ɗaya. Muna so ya duba Kaka, ya gaya mana gaskiya tsakaninsa da Allah kamar yadda ya saba: tana da sauran rai, ko a kira 'yan gwangwan?"

Kowa ya juya wajen Arɗo, ana jiran ya ce a kan gawarsa. Arɗo ya gyara malfa ya ce, "Na goyi bayan ɗan'uwana Alhaji."

Wani ya yi ƙasa da murya ya ce, "Yau za mu ga ko wanzami na son jarfa."

An riga an shirya da Yasir. Daga bayan bango Kaka ta yi tari, ta yi kakari, ta tashi. Kan Sharhabilu ya karkata da kansa, ba da izininsa ba. Ya kuwa ji. Tun daminar bara ya san akwai tsaga a cikin injinta, siririya, yana lallaɓa ta da dabara ba wanda ya sani don ba wanda ya tambaya. Yanzu gudumar Yasir ta buɗe ta. Ƙarar na nan ƙarƙashin sauran ƙararraki, kas, kas, kas. In da taraktar wani ce aka kawo masa shago, da ya ce wa mai ita kada ya wahalar da kansa. Ya san haka, kuma in ya ce zai duba, sai ya dawo ya faɗi hakan, don bai iya wani abu ba. Ya hango rumfar babu kowa, ya hango ana jan ƙafafunta a kan sikeli.

Aka kashe inji. Ido ya dawo kansa.

Ya ce, "Za…" ya tsaya. Can baya ya hango Alhaji Jinjiri, an kawo shi a kujera, yana kallon rufin ɗaki kamar ba ya wurin.

"Za mu duba," in ji Sharhabilu.

Alhaji Kamalu ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi Arɗo, Arɗo ya dube shi. Sai wani ya yi kabbara, ɗakin ya ɗauka. Tabɗi! Ka ce ruwan farko ne ya sauka. Alhaji Kamalu da kansa ya tako ya kama hannunsa da hannu biyu, idonsa har ya kawo ruwa, ya ce, "Alhamdulillahi, yaro ya girma." Shi fa ba ƙarfe ne ya dame shi ba. So yake ya tabbata ba za a sake tare shi a ƙofar masallaci ba, ya kuwa tabbata. Arɗo ya ce za a aiko wa shugaba da man shanu. Malam Almustapha ya zagaya yana tambayar kowa, "Ban gaya maku ba? Hali uku!"

Maganar Kaka ta faɗa rijiya, ba wanda ya sake tayar da ita. Da ruwa ya sauka ta fita tana ɗingishi, ta yi yini tana aiki ta yi yini tana hutawa, kuma wata safiya direbanta ya ɓata hanya ta gonar Malam Badaru. Sharhabilu ya ci gaba da biya mata da safe, sai dai yanzu da ɗan yatsa yake taɓa ta saboda riga.

Kalmomin nan kuwa, na farko ne mai wuyar fita. Na biyu ya zo da sauƙi, na uku ko tunani bai yi ba. Ya koyi sa a kawo fura, ya koyi tambayar lafiyar gida ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka so shi so mai yawa. Labari ya bazu daga Batsari har ƙauyukan Safana cewa sabon shugaba ya kama hanya, ya ma fi Alhaji Jinjiri iya girgiza kai. Baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa tun yana yaro ya fita tas.

Wata hantsi yana zaune a ƙofar ofis, jama'a kewaye da shi, sai ga babura biyu sun tsaya, duk taɓo. A bayan ɗaya ga injin niƙa ɗaure da roba, daga ɗayan Saude ta Tsaskiya ta sauko tana dafe ƙugu. Ta je shago ta tarar a rufe, aka nuno mata nan. Sharhabilu ya ji wani farin ciki da ya daɗe bai ji ba, har ya yunƙura zai tashi. Ita kuwa da ta ga rigar da taron, sai ta cire takalmi ta durƙusa daga nesa.

"Ranka shi daɗe, barka da hantsi."

"Haba Inna, ni ne fa. Tashi. Abokin faɗan ne ya sake?"

"Shi ne, ranka shi daɗe."

Ya sa aka sauke injin aka ja igiya. Ya karkata kai. Kafin inji ya gama tarin farko ya riga ya gane, ɗan ƙaramin abu ne, aikin da zai gama kafin furarta ta narke. Yatsunsa har suna motsi a cikin hannun riga. Ya ɗaga hannu aka kashe, ya buɗe baki cikin murna, sai harshe ya bi hanyar da ya saba.

"Za mu duba."

Saude ta dube shi. Sannan ta ce, "To. Allah shi ƙara girma." Ta miƙe, ta yi wa mai babur alama ya ɗora injin.

Sai a lokacin ya ji abin da ya faɗa. Ya miƙe zumbur, rigar ta harɗe masa ƙafa. "A'a, Inna, tsaya! Zan duba nake nufi. Ni, da hannuna. Yanzun nan."

"Na sani, ranka shi daɗe," ta ce da ladabi, tana saka takalmi. "Na gode ƙwarai. Allah shi taya ka riƙo."

Jama'ar da ke zaune suka gyaɗa kai cikin sha'awa. Alhaji Kamalu ya taɓa Malam Almustapha ya ce, "Ka ji gwani. Har da cewa 'da hannuna'. Ko Alhaji Jinjiri bai taɓa kai wa nan ba."

Saude ta hau babur ta gyara lulluɓi. Sharhabilu, mai kunnen da ba abin da ke wuce shi, ya ji ta ce wa mai babur a hankali, "Mu koma Safana, ɗan nan. Wajen Yasir."

Ya tsaya a tsakar rana cikin rigarsa mai sitaci yana kallon su har suka sha kwana. Daga nesa yana jin sarƙar babur ɗin da ke ɗauke da injin ta yi sako-sako, tana son a ɗaure ta. Bai gaya wa kowa ba. Ya koma ya zauna, aka miƙo masa fura.